Miƙaƙƙiyar Magana da Gatse: Daga Fadar Mafara zuwa Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ta daɗe tana damun masu tsara wasannin kwamfuta a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, sa'an nan a auna ta da ma'aunin da Hausawa suka gada game da sarrafa harshe, musamman irin wanda aka sani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda kiɗan fada ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 20. Matsalar kuwa ita ce, idan aka ba mutum zaɓi tsakanin ya miƙe magana sak, ko kuwa ya karkata ta ya yi gatse, me ya raba biyun, kuma me ya kamata ya biyo bayan kowace? Wani zai ɗauka cewa wannan sha'anin yara ne kawai. To, amma ɗalibi a gaban malaminsa, da akawu a gaban shugabansa, da mai rubuta saƙo a wayar hannu, kullum wannan zaɓin suke yi, kuma sau da yawa akan rasa aboki, ko ma a rasa matsayi, saboda kuskurensa. Hausawa dai sun ce magana zarar bunu ce.

Yadda wasannin suke

Akwai wani rukuni na wasannin kwamfuta wanda a cikinsa mai wasa yakan shiga rigar wani mutum na cikin labari, ya yi tafiya da ƙafarsa, ya yi faɗa da hannunsa, ya kuma yi magana da bakinsa. Za a iya kiransu wasannin shiga-riga. Tushensu wani wasa ne da ake yi a kan tebur da takarda da fensir, mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a shekarar 1974. Shi kansa shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan kalankuwa samari sukan ɗauki muƙaman mahukunta su kwaikwayi mulki, a wasan gauta kuma matan gidan sarauta sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, haka nan yara suna yin irin nasu a lokacin tashe cikin watan azumi. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne, abokin zancen mai wasa na'ura ce, saboda haka tilas ne a rubuta mata tun da farko duk abin da za a iya ce mata, da duk abin da za ta mayar.

A wasannin farko akan jera wa mai wasa jimloli cikakku a kan allo, ya karanta, ya zaɓi ɗaya. A shekarar 2007 kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fito da wasan Mass Effect, inda aka taƙaita kowace amsa zuwa 'yan kalmomi da aka jera a gefen wata da'ira, idan mai wasa ya zaɓa sai jarumin ya faɗi cikakkiyar jimlar da murya. A 2011 kamfanin ya sake fitowa da Dragon Age II, inda aka kasa amsoshin jarumin, mai suna Hawke, kashi uku: ta lallashi, da ta barkwanci ko gatse, da ta zafin rai, kowace da alamarta. Na'urar tana lissafa irin amsar da mai wasa ya fi zaɓa, har ta mayar da ita halin jarumin, ta yadda ko a wuraren da ba a ba da zaɓi ba, sai a ji yana magana da wannan hali.

Wasan da ya fi jawo muhawara shi ne Fallout 4, na kamfanin Bethesda a Amurka, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2015. A cikinsa amsoshi huɗu ne kullum, daidai da maɓallai huɗu na abin riƙewa, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu ba a rubuta kome a kanta ba sai kalma guda ta Ingilishi mai ma'anar gatse. Masu wasa suka yi kuka iri biyu. Na farko, mutum ba ya sanin abin da bakinsa zai furta sai ya furta, watau yana iya nufin zolaya mai sauƙi, sai ya ji jarumin ya yaɓa wa mai makoki baƙar magana. Na biyu, a wurare da yawa ko an yi gatse ko an miƙe magana, labarin wuri ɗaya yake zuwa. Abokin zance ya ɗan ɓata fuska na jimla guda, sa'an nan ya ci gaba kamar ba a yi ba. Da kamfanin ya fito da wasan Starfield a 2023, sai ya koma tsohuwar hanya, ta jera jimloli cikakku ba tare da muryar jarumi ba.

Dalilin matsalar

Ba ganganci ne ya sa masu tsara wasa suke haɗe hanyoyin wuri ɗaya ba, lissafi ne. Idan kowace amsa daga cikin huɗu za ta buɗe hanyarta dabam, to a tambaya ta farko hanyoyi 4 ne, a ta biyu 16, a ta uku 64, kafin a kai ta goma sun zama 1,048,576. Kowace hanya kuwa sai an rubuta ta, an ɗauki murya, an zana fuska, an kuma fassara ta zuwa wasu harsuna. Ga shi ma da haɗe hanyoyin, an ce layukan maganar da aka ɗauka a Fallout 4 sun haura 111,000. Saboda haka dabarar da ta fi sauƙi ita ce a mai da gatse kamar yaji a kan tuwo, ya sauya ɗanɗano amma tuwon bai canja ba. A nan ne al'adar Hausawa take da abin cewa, domin a wurin Bahaushe gatse yana da farashi, kuma ba kowa aka yarje wa ya yi shi ba.

Rabe-raben karkatacciyar magana

Abin da wasan kwamfuta ya tara a ƙarƙashin maɓalli guda, Hausa ta rarraba shi da sunaye dabam-dabam, kowane da dokarsa. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi, alhali mai faɗa da mai ji duk sun san haka. Alal misali, yaro ya fasa tulu, uwarsa ta ce, "Madalla, ka kyauta, saura randar." Babu yaron da zai ji haka ya nufi randa. Habaici kuwa shi ne a yi da mutum ba tare da an kama sunansa ba, a bar shi ya tsargu da kansa, don haka ake cewa mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Zambo shi ne a siffanta mutum da munanan kamannu ko halaye don a wulaƙanta shi a idon jama'a, kuma a waƙa ya fi fitowa. Ba'a da zolaya na raha ne tsakanin waɗanda suka saba. Baƙar magana ita ce amsar da aka mayar don ta yi zafi, gugar zana da shaguɓe kuma 'yan uwan habaici ne.

Wani masanin falsafa na Ingila, Paul Grice, ya yi bayani a wata maƙala da aka buga a 1975 cewa masu zance sukan ɗauka abokin zancensu gaskiya yake faɗa, kuma abin da ya shafi zancen yake faɗa. Idan mutum ya karya wannan ƙa'ida a fili, ta yadda ba zai yiwu a ce ruɗi yake nufi ba, sai mai ji ya nemi wata ma'ana a bayan kalmomin. Ke nan gatse aikin mutum biyu ne, ɗaya ya karkata magana, ɗaya ya miƙe ta a zuciyarsa. Idan na biyun bai san na farkon ba, ko bai ji muryarsa ba, ko bai ga fuskarsa ba, aikin ya ɓaci. Baƙon da bai ƙware da Hausa ba, idan aka ce masa "Sannu da ƙoƙari" bayan ya yi ɓarna, godiya zai yi.

Wanda aka yarje wa da wanda aka hana

Tsarin zaman Hausawa ya shata iyakar wanda za a yi wa wasa da wanda ba za a yi wa ba. Jika yana zolayar kakansa yadda ya ga dama, jikanya ta kira shi mijinta ta kuma raina tsufansa, kowa ya yi dariya. Taubasai, watau 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, suna da izinin tsokanar juna, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Haka nan akwai wasa tsakanin al'ummomi, kamar Zamfarawa da Dakarkari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari, akwai kuma na maƙera da Buzaye. A ɗaya gefen akwai dangantakar kunya, inda suruki ba a ko haɗa ido da shi sosai, uwa kuma ba ta kama sunan ɗanta na fari. Maganar da jika zai faɗa wa kaka a yi tafi, ita ce idan ɗa ya faɗa wa uba za a ce ya fita tarbiyya.

Masanin al'adu Radcliffe-Brown ya rubuta a 1940 cewa irin wannan wasa raini ne wanda aka ba da izininsa, kuma yana tasowa ne a inda mutane suke da kusanci da saɓani a lokaci guda, sai wasan ya zama hanyar sauke saɓanin ba tare da faɗa ba. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙasar a jerin al'adun gado na duniya a 2014. Addinin Musulunci kuma ya sa wa abin linzami, gama aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Saboda haka malamai sukan bambanta raha wadda kowa ya yarda da ita da wulaƙanci wanda ɗaya ke dariya ɗaya ke haɗiyar baƙin ciki.

Abin lura a nan shi ne, izinin gatse yana rataye ne a kan dangantakar mutum biyu. Wasannin kwamfuta da yawa sun rataya shi a kan halin mutum ɗaya, suka ce wane mai gatse ne, saboda haka yana yi wa sarki da bara da mai makoki iri ɗaya. A ƙasar Hausa wanda ya yi haka ba za a kira shi mai barkwanci ba, marar ta-ido za a ce da shi. Ko wawan sarki, wanda aka sakar wa baki a fada, ya san ranar da zai yi shiru.

Makaɗan fada na Mafara da Bakura da Maradun

Babu inda za a ga wannan ilmi ya cika kamar a bakin makaɗan fada, kuma wannan yanki na Zamfara ya fitar da biyu daga cikin manyansu. Na farko shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya tashi a gidan kiɗa a ƙasar Maradun tare da wansa Abdu Kurna, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, da sarakuna da dama, ya rasu a 1991. Na biyu shi ne Sa'idu Faru, mutumin garin Faru ta ƙasar Maradun, wanda ake wa laƙabi da Malamin Waƙa. Dukansu biyu makaɗan kotso ne. Babban ubangidan Sa'idu Faru shi ne Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Kudu a Talata Mafara tun daga farkon shekarun 1950.

Aikin makaɗin fada fuska biyu gare shi. Ga ubangida yabo ne da kirari da jero asali. Ga abokan hamayyar ubangida, watau 'yan uwansa 'ya'yan sarki masu hangen gadon sarauta ɗaya, zambo ne da habaici. Makaɗin yakan ɗauko kamannin wata dabba ko tsuntsu, ko wani hali kamar rowa ko tsoro ko cin bashi, ya liƙa wa wani ɗan sarki ba tare da ya kira suna ba. Mutanen fada duk sun gane wanda ake nufi, amma shi wanda ake nufin ba shi da ta cewa, domin idan ya tanka ya amsa laifi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idan aka tuhumi makaɗin kuma yana da mafita, ya ce shi da dabba yake. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a ƙasar Zazzau ya buga a 1957, ya nuna yadda maroƙi kan juya yabo ya koma suka idan aka hana shi, da yadda tsoron wannan juyi yake sa mutane su yi kyauta.

Abu uku ne wannan ya bayyana. Na farko, karkatacciyar magana a fada makami ce ta siyasa, tana ɗaga wani tana kuma rage wa wani kwarjini a idon masu zaɓen sarki da talakawa. Na biyu, tana da haɗari ga mai yin ta, gama ɗan sarkin da aka yi wa zambo bana yana iya zama sarki baɗi, ranar nan kuwa makaɗi sai ya nemi inda zai sa kansa. Na uku, fada ba ta mantuwa. Sa'idu Faru ya shafe shekaru yana yi wa Sarkin Kudu Macciɗo fatan gadon mahaifinsa, ya rasu a 1987 bai ga cikar fatan ba. Da Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu a 1988, Ibrahim Dasuƙi aka naɗa, sai a 1996 Macciɗo ya hau gadon, ya riƙe har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a watan Oktoba na 2006. Da ya hau, mutane suka koma ga tsofaffin faya-fayen Sa'idu Faru suna saurare da sabon kunne. Maganar da aka yi shekaru da yawa baya ta ci gaba da aiki bayan mai ita ya kwanta dama. Wannan doguwar tunawa ita ce abin da na'urar wasa ta fi rasawa, inda ake yi wa mutum gatse yanzu ya mance kafin a ƙifta ido.

Ita kanta miƙaƙƙiyar magana

Masu tsara wasa sukan ɗauki miƙaƙƙiyar amsa a matsayin tsaka-tsaki, wadda ba ta ƙara kome ba ta rage kome. A Hausa da wuya a sami irin wannan amsa. Mutumin da ya shiga kasuwar Talata Mafara ya tsaya gaban mai shinkafa ya ce "Nawa ne mudu?" ba sallama ba gaisuwa, bai yi gatse ba, bai yi zagi ba, amma ya riga ya faɗi wani abu game da kansa, kuma farashin da za a gaya masa zai nuna an ji. Talakan da ya amsa wa hakimi da "I" kawai, ba tare da "ranka shi daɗe" ba, ya yi magana mai nauyi. Abokin wasa kuma, idan wata rana ya gaishe ka cikin ladabi sosai ba tsokana, to akwai abin da ya faru, sai a bincika. Kurum ma magana ce.

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Hankali a nan shi ne sanin abin da ya dace da wuri da lokaci da mutum. Har batun da ake magana a kai yana da nasa hukunci. Manoman da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, suna iya zolayar juna a kan wanda shinkafarsa ta fi lalacewa, amma rikicin diyyar gonaki na watan Afrilu na 1980, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, ba abin raha ba ne a gaban waɗanda abin ya shafa, ko da tsakanin taubasai.

Abin da za a ɗauka

Ga ɗalibin da ke koyon ilmin kwamfuta, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko a wata jami'a, wanda wata rana zai so ya tsara wasa da Hausa, akwai hanyar da za a rage matsalar ba tare da an faɗa cikin lissafin hanyoyi miliyan ba. Ba lalle ne kowace amsa ta buɗe sabon labari ba. Abin da ake bukata shi ne na'ura ta riƙe wa kowane mutum na cikin wasa bayani kaɗan: shi wane ne ga jarumin, abokin wasa ne ko na kunya, babba ne ko tsara, kuma me aka taɓa ce masa a baya. Jimla guda ta gatse sai ta ƙara zumunci a wurin taubashi, ta rufe ƙofa a wurin suruki, a wurin baƙo kuma a ɗauke ta bisa kalmominta a yi godiya. Dragon Age II ya kusanci wannan, domin kowane abokin tafiyar jarumin yana da ma'aunin abota da adawa wanda ke motsawa bisa abin da aka faɗa ko aka aikata a gabansa. Kuma wajibi ne a nuna wa mai wasa cikakkiyar jimlar kafin ya zaɓa, tun da ba a ɗora wa mutum alhakin maganar da bai san zai faɗa ba.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, darasin ya fi kusa. Takardar ofis da saƙon waya sun yi kama da maɓallin wasa ta fuska guda, watau suna ɗaukar kalmomi su bar murya da fuska a baya. "An gode da wannan gagarumin aiki" a bakin abokin aiki mai murmushi raha ce, amma a rubuce cikin fayil, wanda wani shugaba zai buɗe bayan shekara biyar, ko dai a ɗauke ta yabo na gaskiya ga aikin da ya lalace, ko a ɗauke ta raini. Haka nan wasan Bazamfare da Badakkare, wanda a tasha kowa ya san asalinsa, idan aka rubuta shi a dandalin Facebook inda dubban baƙi ke karantawa, yana iya zama abin tashin hankali tsakanin ƙabilu. Ƙa'idar da makaɗan Maradun da Bakura suka yi aiki da ita tana nan da amfaninta ga mai riƙe da alƙalami da mai riƙe da waya: kafin a karkata magana a san wa ake yi wa, a san su wa ke saurare, a kuma tuna cewa wanda aka yi wa yana iya riƙe ta har ranar da zai sami iko. Inda ba a tabbatar da waɗannan ba, a gaisa yadda ya kamata, sa'an nan a miƙe magana.